MU ƘARU DA SANI: Ina Mutanen Ailan Suka Samo Baƙin Gashi?

 A wannan wata za mu haye teku zuwa Ailan, tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Mutanen ƙasar ba baƙinmu ba ne, gama da yawansu sun yi aikin fada da koyarwa da jinya a Jos da Kaduna da Kano. An fi saninsu da jan gashi da shuɗin ido, amma masu jan gashin ba su wuce wajen mutum 1 cikin 10 ba. Da yawa gashinsu mai duhu ne, waɗansu ma baƙi wuluk. Zuriyarsu da ke Amurka sukan kira irin waɗannan "Baƙaƙen Ailan", ko da yake Turawa ne farare fat. To, ina suka samo wannan gashi?

Amsar da ta fi yawo ita ce ta jiragen Sifen. A shekarar 1588 Sarki Filibus na Biyu na Sifen ya aika da jiragen yaƙi wajen 130 don su ci Ingila a zamanin Sarauniya Alisabatu ta Ɗaya. Yaƙi bai yi kyau ba, sai jiragen suka kewaya ta arewacin Sukotlan za su koma gida. Guguwa ta tare su, fiye da 20 suka farfashe a gaɓar Ailan. Aka ce wai sojojin da suka tsira suka zauna, suka auri 'yan matan ƙasar, suka bar musu baƙin gashi.

Labari ne mai daɗin ji, amma bari mu auna shi. Mutum wajen 5,000 suka hallaka a gaɓar nan. Jirgi ɗaya mai suna Girona ya nutse da mutum kamar 1,300, tara kaɗai suka fita. Yawancin waɗanda suka iso tudu da rai kashe su aka yi, bisa ga umarnin gwamnan Ingilishi. Kaɗan da suka kuɓuta, irin su Kyaftin Faransisko de Kuweya wanda ya rubuta wahalarsa a 1589, hanyar gida suka nema ta Sukotlan. A lokacin kuwa mutanen Ailan sun kai wajen miliyan ɗaya. Ko almajirin rini ya san cokali ɗaya na shuni ba ya rina rijiya. Ban da haka, ga masu baƙin gashi birjik a Wels, inda jiragen ba su bar kowa ba.

Akwai kuma wani littafin gargajiya na Ailan, na ƙarni na 11, wanda ya ce kakanninsu 'ya'yan wani jarumi ne mai suna Mil, daga Sifen. Wannan kamar labarin Bayajida ne a wurinmu: abin tinƙaho ne, amma ba a kafa hujja da shi.

Hujja ta fito daga ƙasusuwa. A ƙarshen 2015 masanan Kwalejin Tiriniti ta Dablin da na Jami'ar Kwins ta Belfas suka bayyana abin da suka gani cikin ƙwayoyin gado na mutum huɗu na dā. Ta farko mace ce manomiya, wadda aka binne kusa da Belfas shekara wajen 5,200 da suka wuce. Gashinta baƙi ne, idonta mai duhu, asalin kakanninta kuma daga Gabas ta Tsakiya, inda noma ya fara. Sauran ukun maza ne daga tsibirin Ratalin, na shekara wajen 4,000 da suka wuce. Su kuwa suna da jinin makiyaya na filayen da ke arewa da Baƙin Teku, kuma su ne suka fi kama da mutanen Ailan na yau. Kafin su iso, kakanninsu sun riga sun gauraya da manoman Turai a hanya.

Tun kafin waɗannan duka, maharba da masunta sun zauna a tsibirin shekara wajen 10,000 da suka wuce. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna alamar fatarsu mai duhu ce, idonsu kuma shuɗi. Daga baya ga 'yan Bikin daga 795, ga Nomawa daga 1169, kowa ya ƙara nasa. Ashe baƙin gashi ya riga jiragen Sifen isa Ailan da shekaru dubbai.

Yaya launi yake bin jini? A jikin kowane mutum akwai wani sinadari da ake kira melanin. In ya yi yawa, gashi da ido su yi duhu. In ya yi kaɗan, gashi ya yi haske, ido ya yi shuɗi. Duhun shi ne na asali ga 'yan adam, hasken ne ya zo daga baya. Ƙwayoyin gado masu yawa ne suke haɗuwa su tsara launi, rabi daga uwa, rabi daga uba. Waɗansu sukan kwanta shiru cikin zuriya, ba sa bayyana sai sun gamu da irinsu daga ɗaya gefen. Shi ya sa a Ailan uwa da uba masu duhun gashi sukan haifi mai jan gashi, a ɗaki ɗaya a sami 'ya'ya launi uku.

Nan ne zancen ya shigo gidajenmu. Sau nawa aka haifi jariri ya fi iyayensa haske ko duhu, kafin ranar suna tsegumi ya cika unguwa? Sau nawa aka haifi zabiya aka ɗora wa uwa laifi, alhali sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar kafin a haife shi? Aure ya mutu a kan wannan, yara sun tashi da tabon da ba su san dalilinsa ba. Maigida, kafin ka saurari masu raɗa, tambayi tsofaffi yadda kakan kakanka yake. In shakka ta hana ka barci, likita za ka nema, ba 'yan gulma ba. Uwar miji, ke ma ki riƙe harshenki. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane; haka kuma rashin kama ba shaida ba ce.

An daɗe ana laƙa wa dubban mutanen Ailan kakan da ba nasu ba, saboda launin gashi kawai. Kada mu yi wa ɗan da ke cikin gidanmu haka.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.