Waken Soya Ma Yana Da Haƙƙin Takinsa

Akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin manomanmu, wai waken soya ba ya buƙatar taki, domin da kansa yake yin takinsa. A ganina wannan rabin gaskiya ce, kuma tana jawo asara kowace damina.

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa sinadarin naitirojin ne, wanda shi manomi ke nema in ya sayi yuriya. Waken soya na samun wannan sinadari daga iska ta hanyar wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin 'yan ƙulle-ƙullen da ke fitowa a saiwarsa. In aka tsaga ƙulli aka ga cikinsa ja-ja, to aiki na tafiya. Amma aikin yana cin ƙarfin shuka ƙwarai, kuma ƙarfin ba ya samuwa sai da sinadarin fosfaras, wanda ƙasar noman Arewa ke da ƙarancinsa. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gonar da aka hana wa takin supa lokacin shuka, ƙulle-ƙullenta kan fito ƙanana, 'yan kaɗan. Yuriya kuwa in ta yi yawa, sai ta rage wa ƙwayoyin himma.

Sai batun iri. Iri mai jinkirin nuna, kamar TGx 1448-2E na cibiyar IITA ta Ibadan, wanda kan kai wajen wata huɗu, yakan daɗe yana tara naitirojin, ya kuma bar ganye da saiwa masu yawa, masarar baɗi ta amfana. Irin wannan ya dace da kudancin Kaduna, inda damina ke da tsawo. Amma manomin Kano ko Katsina, in ya kwaɗaitu da shi, ruwa na iya ɗaukewa kafin ƙwaya ta cika. Gara ya riƙi mai saurin nuna, kamar TGx 1835-10E da aka fitar a 2008, ko da abin da zai bar wa ƙasa bai kai na wancan ba.

Mai karatu ya kuma lura cewa yawancin naitirojin na bin ƙwaya zuwa kasuwa. In aka kwashe harawa ita ma, ba a mayar da takin dabbobi ba, to ƙasa ba ta ci ribar komai ba.

Saboda haka muna kira ga malaman gona su daina cewa waken soya ba ya son taki. Su ce wa manomi ya tanadi supa da irin da ya dace da daminarsa tun da rani. Allah Ya ba mu damina mai albarka.