Darasin Bagega ga ƙungiyoyin sa-kai: hoton rabon shinkafa ba ya isa

A shekarar 2010 aka gano gubar dalma a wasu ƙauyukan jihar Zamfara, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a wasu ƙauyukan, amma Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ta yi ta jiran kuɗin aikin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari. Likitocin ƙungiyar MSF ba su iya fara jinya a garin ba, domin ba amfanin a ba yaro magani ya koma wasa a ƙasa mai guba.

A 2012 Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka fara shirin Follow The Money. Sun je Bagega da ƙafarsu, suka ɗauko hotuna da bayanan mutanen garin, suka baza a Twitter da Facebook da maudu'in #SaveBagega. Ƙungiyar Human Rights Watch ma ta nemi jama'a su rubuta wa Shugaba Goodluck Jonathan a shafinsa na Facebook. A watan Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka tsaftace garin, sannan aka fara yi wa yara magani.

Ba yawan masu danna alamar so ne ya kawo nasarar ba. Buƙatar guda ɗaya ce, an san wanda ake nema ya sa hannu, kuma akwai masu komawa ƙauyen su duba ko kuɗin ya isa.

A kwatanta wannan da shafukan ƙungiyoyi da dama a yau. Shugaba ya sha babbar riga, yana miƙa buhun shinkafa, ga marayu an jera su a gaban kyamara. Bayanin da Turanci yake, saboda masu ba da tallafi ake so su gani. Nawa aka tara, nawa aka kashe, wa ya samu, wa aka tsallake? Shiru kake ji. Matar da aka yaɗa hotonta ba a nemi izininta ba, kuma ba ta iya karanta abin da aka rubuta a kanta.

Masu ƙungiyoyin za su ce sai da hoto ake samun tallafi, kuma da gaskiyarsu. Sai dai wayar da ta ɗauki hoton rabo za ta iya ɗaukar rasit. Shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT ya nuna hanya: yana wallafa ayyukan mazaɓu da ke cikin kasafin kuɗi, mazauna yankin kuma su aiko da hoton abin da ke ƙasa, ko rijiya ce ko fili fetal.

Ƙaramar ƙungiya ma za ta iya. Ta wallafa lissafinta duk wata, ta tura saƙon murya da Hausa a WhatsApp ga waɗanda ba sa karatu, ta rufe fuskokin yara, ta amsa ƙorafi a fili maimakon gogewa.

Mai shirin tura gudummawa kuma, kafin ya kwafi lambar asusu, yana da haƙƙin tambaya: ina lissafin kuɗin bara?