Ƙaton Cikin Sarki da Alƙalamin Mai Zane

A watan Nuwamban 2022 jami'an tsaro suka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda 'yar gajeruwar magana da ya wallafa a Twitter, inda ya danganta ƙibar uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, da kuɗin talakawa. Aka kai shi Abuja, aka gurfanar da shi gaban kotu, sai da ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi barazanar zanga-zanga kafin aka janye ƙarar a farkon Disamba. Taɓa surar uwa ba tarbiyya ba ce, wannan ba a gardama. Amma tsakanin laifin da hukuncin akwai rata mai tayar da hankali.

Faransawa sun ga irin wannan tun 1831. Wani matashin mai zane, Honoré Daumier, ya zana Sarki Louis-Philippe zaune da ƙaton tumbi, an jingina dogon katako zuwa bakinsa, fadawa suna hawa da kwandunan kuɗin da aka tatsa daga talakawa masu tsummoki. Ta ƙarƙashin kujerar kuwa takardun muƙamai da lambobin girma ne ke zubowa 'yan majalisa suna wawaso. Ya sa wa zanen suna Gargantua. Ladansa wata shida a kurkuku da tarar faran 500.

Da gwamnati ta kafa dokar tace zane a 1835, Daumier bai ajiye alƙalami ba. Ya juya kan 'yan kasuwar bogi. Daga 1836 zuwa 1838 jaridar Le Charivari ta buga zanensa wajen ɗari a kan Robert Macaire, ɗan damfara mai zaƙin baki, yau likita, gobe lauya, jibi mai banki yana sayar da hannun jarin kamfanin da babu shi. Duk wanda ya ga yadda MMM ta ci kuɗin mutane a 2016, ko CBEX a 2025, ya san wannan fuskar. Abin da ya fi ciwo a zanen shi ne bai ƙyale waɗanda aka damfara ba, domin kwaɗayinsu ne ya buɗe wa ɓarawo ƙofa.

A nan gida ma, ƙasar Birnin Kudu ba baƙuwar zane ba ce. Shanun da mutanen da suka zana a Dutsen Mesa da Dutsen Habude suna nan har yau. Ba'a ma gadonmu ce: 'yan kama sun daɗe suna kwaikwayon maciya amana a bainar jama'a, marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi da su a fim, Mustapha Bulama yana yi a shafin Daily Trust.

Abin takaici, manomin riɗi a Gwaram da dillali ya murƙushe a farashi, ko wanda ya ji labarin takin gwamnati amma bai ga buhu ba, ba shi da mai zana masa kukansa. Ba kowa ke iya karanta rahoton mai binciken kuɗi ba, amma tsohuwa a kasuwar Sara tana kallon hoto ɗaya za ta gane wa ake nufi. Matasan da ke da baiwar hannu a makarantun yankin suna da waya, suna da Facebook. Abin da ke riƙe hannunsu shi ne labarin ɗalibin Dutse, da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka sha kama 'yan jarida da shi.