Zuwa Ga Tsofaffin Ɗaliban Sakandaren Sojojin Sama, Kaduna



Tolulope Arotile 'yar makarantarku ce. Daga nan ta shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a 2012, ta karanta lissafi, kuma a Oktoban 2019 ta zama mace ta farko a Najeriya mai tuƙa helikwaftan yaƙi. Ta fatattaki 'yan bindiga a dazuzzukan jihar Neja, ta dawo lafiya.

Ranar 14 ga Yuli, 2020, a barikin sojojin sama na Kaduna, mota ta buge ta, ta rasu. Rundunar sojojin sama ta ce tsohon ɗan makarantarsu ne ke ja da baya da motar domin su gaisa. Shekarunta 24.

Abin akwai ciwo. Ku da kuka yi zaman aji da ita, don Allah ku haɗa asusu da sunanta, duk shekara ya ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya mai ƙoƙari a lissafi.