Rumbu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Kayan Gari

Yau magana ce kan Ansible, manhajar kyauta da muke amfani da ita wajen shirya kwamfutocin uwar garke masu yawa daga wuri ɗaya. Michael DeHaan ne ya ƙirƙiro ta a 2012, kamfanin Red Hat ya saye ta a 2015.

Da farko komai nata a rumbu ɗaya yake a GitHub: injin kansa da ƙananan manhajojin da ke magana da Amazon, Cisco, Windows da sauransu. Kafin 2020 waɗannan ƙananan sun haura 3,000. Masu kawo gyara sun yi yawa, masu dubawa kaɗan. Mutum ya gyara abu ƙarami, sai ya jira fitowar sabuwar Ansible gaba ɗaya kafin gyaran ya isa hannun jama'a. A 2020, da fitowar 2.10, aka raba kayan: injin ya zauna shi kaɗai, sauran aka ƙulla su ƙunshi-ƙunshi, kowane da masu kula da shi da ranar fitarsa.

Wasu abokan aikina har yau suna ƙorafi. Ni kam ina ganin an yi daidai. Na taso a shagon goron mahaifina a Sabon Ibadan, na ga abin da ke faruwa idan kayan mutum goma suna sito ɗaya, makulli kuma a hannun mutum ɗaya. Ranar da ya yi tafiya, ciniki ya tsaya.

Sai dai rabon ya ɗora mana nauyi. Na taɓa ɗora injin kaɗai a sabuwar kwamfuta, umarnin da na rubuta ya ƙi tafiya, mai aiki yana tsaye a kaina. Laifina ne, ban rubuta ƙunshin da nake buƙata da lambarsa ba. Tun daga ranar ba na fara aiki sai na jera su a fayil ɗaya.

Shawarata ga ƙannenmu masu koyo: in kwamfutocinka biyar ne, bar komai a rumbu ɗaya, kada ka wahalar da kanka. Ranar da ka ga mutane suna jiran juna kafin su taɓa aiki, lokacin rabo ya yi. In ka raba, ka san wa ke riƙe da kowane makulli.

Allah Ya sa mu dace. Wassalam.