SIP ko H.323: ku daina sayen kayan ɗakin taro kamar ana sayen talabijin

1/ Jama'a, yau da haushi na tashi. Sati biyu ina fama da ɗakin taron wata ƙungiya da ta zuba miliyoyi a kyamara da ƙaton allo, amma ta kasa kiran abokan aikinta na waje. Dalili? Ba wanda ya tambayi ɗan kwangila wane yare na'urar ke ji. 🧵

2/ Kafin hoto da murya su fara tafiya, sai na'urori biyu sun yi sallama: wa ke kira, wa ake nema, wane irin bidiyo kake karɓa, ta wace ƙofa zan turo. Wannan sallamar ita ce sigina. Manyan yarukanta biyu ne, H.323 da SIP.

3/ H.323 na ITU ne, tun 1996. Saƙonsa a dunƙule yake, na'ura kaɗai ke gane shi kai tsaye. SIP kuwa IETF ta fitar a 1999, ta sabunta a 2002. Rubutu ne zalla kamar HTTP. Ka buɗe Wireshark, ka ga INVITE, ka ga 200 OK, ka san inda kira ya maƙale.

4/ Matsayina: in sabon aiki ne, SIP. Shi wayoyin ofis na intanet ke ji, shi Asterisk ke ji, har VoLTE na wayarka a kansa yake. Yaron da ya koya a kwamfutarsa kyauta zai gyara muku. Ba sai an jira injiniya ya hawo jirgi ba.

5/ Wani zai ce “tsohuwar Polycom ɗinmu na aiki lafiya da H.323.” Gaskiya ne, kar ka jefar. Sa mata tafinta, irin Cisco Expressway ko Pexip, ya riƙa fassara tsakanin yarukan. Amma sayen sabo don ya dace da tsoho? Haba malam.

6/ SIP ɗin ma ba layar tsari ba ce. Ƙofa 5060 a fili take magana, kuma dare da rana ana ƙwanƙwasa ta daga intanet. A sa TLS a 5061, a rufe murya da hoto da SRTP.

7/ A 2012 HD Moore na Rapid7 ya gano dubban na'urorin taro masu H.323 da ke amsa kira da kansu. Baƙo ya kira, ya ga ɗaki, ya ji sirri. Wadda na tarar ma haka aka bar ta. Ku je ku duba taku yau.

8/ “Ai mu Zoom muke yi.” To, in na'urar ɗakinku SIP ko H.323 take ji, shiga Zoom ko Teams sai da gada, lasisinta daban, kuma da dala. WebRTC ma bai ƙayyade yaren sigina ba, kowane kamfani da nasa.

9/ Kafin oga ya sa hannu, a tambayi ɗan kwangila:
SIP da TLS na ciki?
Nuna allo da BFCP yana aiki?
Ta yaya kira zai ratsa katangar tsaro?
Sannan a gwada kiran wani ofis na waje a gabanku, kafin a biya ko kwabo.

10/ In ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku. Ku tura wa mai sayen kaya na ofishinku.