Takardar Inshora da Jinyar Wanda Ya Yi Haɗarin Mota

Gabatarwa

Duk lokacin da aka sami labarin haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Zariya, ko wata babbar hanya, abin da jama'a kan fara tambaya shi ne mutum nawa suka rasu. Da zarar an ce wane ya tsira sai a yi hamdala, a je asibiti a yi masa sannu, a watse. Amma a wurin wanda ƙashin cinyarsa ya karye, ko lakarsa ta taɓu, ranar sallama daga asibiti ita ce mafarin wata doguwar jinyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma ta ce waɗanda ke jin rauni sun kai miliyan 20 zuwa 50. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ɗaukar nauyin wannan jinya hakki ne da ya rataya a wuyan inshora, kuma jahiltar hakkin ita ke sa talaka yin asara sau biyu.

Jinyar da ke biyo bayan sallama

Ƙashin babban mutum yakan ɗauki makonni da dama kafin ya haɗe, na cinya kuwa sai an yi watanni. A tsawon wannan kwanciya naman jiki yakan saki, gaɓoɓi su sanƙare. Saboda haka ne likita kan tura majinyaci sashen gashi, inda za a riƙa motsa gaɓar, a koya masa tsayuwa da takawa da sanda. Wanda lakarsa ta taɓu yana bukatar keken guragu da mai juya shi a kai a kai don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Wanda aka yanke wa ƙafa yana bukatar ta roba da koyon tafiya da ita. A duk ƙasar Hausa ba wanda bai san sunan Asibitin Ƙashi na Dala ba, wanda aka buɗe a Kano a 1959, to amma zuwa can sau biyu ko uku a mako kuɗi ne: na mota, na magani, na mai rakiya, ga shi kuma sana'a ta tsaya cik.

Idan aljihu ya gaza, sai a ɗauke majinyaci a kai shi wurin maɗori. Ba a raina maɗora, don sun daɗe suna yi wa jama'a aiki, kuma suna kusa, suna da rangwame. Sai dai karayar da ƙashi ya huda fata, ko ɗaurin da ya matse har jini ya daina gudana, kan kai ga ruɓewar gaɓa, a ƙarshe a koma asibitin da aka gudu a yanke ta. Sau da yawa rashin kuɗi ne ya yi wannan zaɓi, ba son ran majinyaci ba.

Abin da doka ta tanada

Tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta wa mai mota a Nijeriya ya yanki inshorar da za ta biya diyyar wanda motarsa ta kashe ko ta ji wa rauni. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora, watau NAICOM, ta ɗaga kuɗinta na shekara daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, ta sa 5,000 ga keke mai ƙafa uku, 3,000 ga babur. A wannan tsari diyyar dukiyar da motar gida ta lalata tana iya kaiwa naira miliyan 3, ban da diyyar rai da ta rauni. Daga 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta binciken takardar a kan hanya.

A nan gizo ke saƙar. Yawancin direbobi sun ɗauki takardar nan tamkar laya ce ta wuce shingen 'yan sanda. Wasu kan saya a hannun 'yan kamasho ba tare da sun bincika ko ta jabu ce ba, alhali akwai rumbun bayanai na kamfanonin inshora inda ake duba lambar mota a tabbatar. Shi kuwa wanda aka buge, bai ma san yana bin kowa bashi ba. Dattawan unguwa kan zauna a yi sulhu, mai mota ya biya kuɗin aikin farko, a ce a yafe wa juna. Yafiya abu ne mai kyau, amma yafe wa direba daban, yafe wa kamfanin da ya karɓi kuɗi domin irin wannan rana daban. Har wa yau ya kamata a sani cewa wannan inshora ba ta biyan jinyar shi direban, sai in ya yanki wata ta kansa.

Hujjojin masu ƙyamar inshora

Akwai masu cewa zumunci ya wadatar, tun da dangi ba sa barin nasu ya wulaƙanta. Gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma gudummawar dangi ta fi ƙarfi a makon farko, jinyar gashi kuwa sai ta shekara. Inshora ita ma gudummawa ce, sai dai an tara ta tun kafin masifa ta auku.

Akwai kuma masu shakka ta fuskar addini, saboda riba da rashin tabbas da malamai da yawa suka gani a inshorar da aka saba. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma an sama mata mafita. A 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, inda masu shiga ke zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar taimakon juna, kuma tuni aka ba kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful izinin aiki.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta masu cewa kamfanoni na jan ƙafa wajen biya. Tsarin da ake bi yana bukatar rahoton 'yan sanda da na likita da tabbatar da mai laifi, alhali gaɓa ba ta jiran shari'a. Idan ta sanƙare, miƙar da ita sai an sha wuya. A nan akwai darasi daga wasu ƙasashe. Tun 1974 ƙasar Niyu Zilan take biyan magani da gashi da wani kaso na albashin wanda ya yi haɗari ba tare da tambayar laifin wane ne ba. Afirka ta Kudu kuwa tana da asusun haɗarin hanya wanda ake cikawa da harajin man fetur. Asusun nata ya sha fama da bashi da jinkiri, wanda ke nuna cewa kafa asusu bai isa ba sai da riƙon amana.

Kammalawa

Abu uku suka kamata. Na farko, a wajabta wa kamfanoni su riƙa biyan asibiti kai tsaye, har da kuɗin gashi da kayan taimakon tafiya, cikin wa'adin da majinyaci zai amfana. Na biyu, ƙungiyoyin direbobi su tabbatar cewa duk motar da ta tashi daga tasharsu takardarta ta gaske ce. Na uku kuwa ya shafi wannan sashe. Ana rubuta takardun inshora da Turancin lauyoyi, wanda ko mai digiri sai ya yi da gaske zai gane shi. Malamai da ɗaliban Hausa, waɗanda suka daɗe suna ƙirƙiro kalmomin kimiyya da na mulki, su ne suka fi cancanta su fassara sharuɗɗan nan cikin Hausa mai sauƙi, a karanta su a rediyo, a manna a tasha da ƙofar sashen gashi. Bahaushe ya ce rashin sani ya fi dare duhu. Magidancin da ya san inda zai kai kukansa ba zai sayar da gonarsa don ya koyi tafiya ba, alhali akwai kamfanin da doka ta ɗora wa biyan kuɗin.